Waken da Ya Sha Ruwan Alwala

Azumi ya sake zagayowa cikin bazara. Ni ban ma lura ba sai ranar da na fita kasuwar Tudun Wada da hantsi sayen wake, na ji ƙasa na cin tafin ƙafata ta cikin silifa, miyau ya ƙafe mini a baki tun azahar ba ta yi ba. Na tsaya gaban wani mai awo, na zura hannu cikin buhu na ɗebo. Fari ne, matsakaici, mai ɗan jan ido kamar an ɗiga masa lalle. Ko cikin duhu aka ba ni shi zan gane shi.

"Hajiya, ɗan wuri ne wannan," in ji mai awon. "Ba ya shan mai, ga auki. Irin kaka da kakanni ne."

Na ce, "Kakan wa? Da wannan furfurar taka, ai ka girmi waken nan nesa ba kusa ba."

Ya yi dariya, ya ɗauka barkwancin tsofaffi ne. Ni kuwa har raina ya soma ɓaci, sai kuma ya yi sanyi. Na biya, na ɗauki ledata, na kamo hanyar gida ina tuna wancan azumin, shekara talatin da ɗoriya da suka wuce, wanda shi ma ya faɗo a tsakiyar zafi irin wannan.

Mijina, Malam Isiyaku, Allah ya jiƙansa, malamin jami'a ne, a cibiyar binciken noma yake aiki. Da aka ɗaura mana aure na ɗauka zan riƙa ganinsa da kwat yana zaune a ofis. Ashe aikinsa shi ne ya tsuguna a gona da sassafe da ɗan hantsaki a hannu, ya buɗe furen wannan wake, ya ɗauko garin furen wancan ya shafa masa, ya ɗaura zare. Sai ya jira damina ta ƙare ya ga abin da aka haifa, ya zaɓi na kirki, ya zubar da sauran, badi ya sake. Nakan tsokane shi in ce duk karatun nan da ya yi har ƙasar waje, ya ƙare a ɗaurin auren wake, ba goro ba alawa. Yakan yi murmushi ya ce, "Balaraba, wake nake nema wanda zai nuna cikin wata biyu. Manomi ya ci tun gero bai fitar da kai ba, a daidai lokacin da rumbu ya zama wayam." Kusan shekara goma yana wannan abu, kuma a ƙarshe ya ce ya samu, ko dai ya kusa.

Sai kuma ƙasa ta shiga wani hali. Lokacin ne aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Abin da kika saya jiya, yau ya ninka, albashi kuwa ba ya kai mu tsakiyar wata. Kuɗin bincike da ake turo musu ya fara zuwa rabi, daga baya ya ɗauke gaba ɗaya. Motar da ke kai su gonakin gwaji ta kwanta ba taya. Akwai wani ɗakin sanyi da suke adana iri a ciki, injinsa ya lalace, babu abin gyara, janareta kuma babu mai. Abokan aikinsa suka fara zarewa ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka haye ƙasashen waje, wani ya buɗe shagon sayar da kaji, wani babban dakta da idona na gan shi yana kabu-kabu da motarsa a bakin ƙofar jami'a ta Kongo, yana sunkuyar da kai kada ɗalibansa su gane shi. Shi ma Malam an yi masa tayi a waje. Na yi masa magana a hankali, na yi da faɗa, na yi da kuka. Ya ce in ya tafi wa zai shuka waken? Na ce waken ne zai saya wa yara takalma? Muka kwana biyu ba ma doguwar magana.

Da suka ga irin zai mutu a ɗakin da ya koma tanda, sai waɗanda suka rage suka kwashe shi, kowa ya kai na aikinsa gida ya adana kafin damina. Malam ya shigo da nasa a 'yar jakar yadi, bai cika mudu ba. Ya ce, "Duk duniya babu wani sai wannan. Ki ajiye mini inda ƙwaro ba zai shiga ba." Na tankaɗe toka, na cuɗa shi da ita, na zuba a tulu, na liƙe bakin da laka, na kai kusurwar ɗakin ajiya. Haka surukata ta koya mini adana wake tun ina amarya.

Ana gobe azumi ita surukar tawa, Inna Delu, ta iso daga cikin birni da ƙunshin kayanta. Tun rasuwar mijinta a wurinmu take yin azumi. Malam kuwa ɗanta ne na fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, in ya durƙusa gaishe ta sai ta juya fuska ta amsa wa bango. In tana da magana da shi, ni take gaya wa yana zaune a wurin: "Ki ce wa mai gidan naki kaza." Shi ma ta bakina yake mayar mata. Mace ce mai kirki da kaifin ido, ba abin da ke wuce ta a gida.

Zafin shekarar nan ban taɓa ganin irinsa ba. Tun rana ba ta ɗaga ba kwanon rufi yake fara ƙara. Famfo ya daɗe da ɗaukewa, har gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa. Kogin Kubanni ya ƙafe, saura 'yan kududdufai masu kore. Rijiyarmu in ka zura guga sai ka ji ya dungure a laka, ka jira, ka samu rabin guga jajawur, ka bar shi ya kwanta. 'Yan ga-ruwa suka zama manyan mutane, sai ka bi su kana lallashi. Ina goyon 'yata Nafisa a lokacin, duk wuyanta ya feso da ƙurajen zafi, nonon ma ba ya isarta. Da asuba mu yi sahur da ɗumamen tuwon masara da miyar kuka wadda ba ta san nama ba. Da rana kowa ya nemi inda siminti ya fi sanyi ya kwanta, a jiƙa zane a lulluɓa. In an sha ruwa, kunun tsamiya ne kawai, wani lokaci da ɗan rogo. Ƙosai kuwa sai dai mu ji ƙamshinsa daga wani gida, shi ma ba kullum ba.

Cikin kwanakin farko Inna ta shiga ɗakin ajiya neman tsintsiya, ta fito tana kallona.

"Me ke cikin tulun can da aka liƙe?"

Na ce, "Na Malam ne, Inna. Na wurin aikinsu ne."

Ta ce, "Uhm."

Iyakar abin da aka yi ke nan. Ni kunyar suruka ba ta bar ni na ja zancen ba. Shi bai taɓa zama ya yi wa mahaifiyarsa bayanin aikinsa ba, balle ya gaya mata wurin aikin ya durƙushe. Ita kuma ba za ta tambayi ɗan fari ba ko da sama za ta faɗo. Abin da ta gani shi ne tulun wake, an liƙe shi yadda ita da kanta take liƙewa, a gidan ɗanta, jikokinta na shan kunu gaya. Daga baya ta gaya mini ta ɗauka rowa ce irin ta matan 'yan boko.

Ranar Juma'ar farko na goya Nafisa tun da safe na tafi layin kananzir. Ban dawo ba sai da rana ta take. Tun daga zaure na ji ƙarar taɓarya, a hankali, irin ta mai surfe. Na ce a raina me Inna ta samu take surfawa? Ina shiga tsakar gida na ga tulun a karkace, laka a farfashe, toka a zube. Ga wake a ƙwarya ya sha ruwa ya kumbura, ga Inna tsaye kan turmi. Galan ɗin kananzir ya suɓuce daga hannuna.

"Inna! Inna, tsaya!"

Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Ta tsaya da taɓarya a sama, ta ce, "Ke lafiyarki? Yau Juma'a, ga azumi. Sadaka zan yi wa marigayi, yara ma su samu na taɓawa. Tun da safe na jiƙa shi, zafin nan ya sa barci ya ɗauke ni."

Na leƙa turmin. Wajen rabi ya riga ya tafi, ya rabe biyu-biyu, ɓawo ya saɓule. Na zauna a ƙasa daɓas.

A haka Malam ya same mu, ya dawo shirin masallaci. Ya dubi tulu, ya dubi turmi, ya dubi ƙwarya. Da ni na yi wannan aika-aika, na san ranar sai unguwa ta ji mu. Amma uwa ce. Ya tsuguna, ya ɗebi waken da ke ƙwarya, ya matsa ƙwaya ɗaya tsakanin yatsu. Sannan ya yi mini bayani, da murya ƙasa-ƙasa, yadda Inna za ta ji: shekarun da ya yi, ɗakin sanyin da ya mutu, da cewa babu wani a ko'ina.

Inna ta jingine taɓarya, ta juya wa ɗanta baya. Muryarta ta canza. "Ki tambaye shi, in an shanya ba zai koma ba?"

Ya ce, "Ki ce mata ya riga ya farka. In aka shanya shi mutuwa zai yi, in aka bar shi ruɓewa zai yi. Sai dai ƙasa, kuma yau."

Na ɗaga kai na dubi sama. Fara fat, ko ɗigon gajimare babu. Damina da sauran wata guda ko fiye, mu da ruwan sha ma yake gagara.

Bayan gidanmu akwai kangon Alhaji Mudi, wani mai sayar da atamfa, ya saya zai gina wa ɗansa, tsadar siminti ta tsayar da shi. Ana saukowa daga Juma'a Malam ya tare shi a ƙofar gida, ni ina jin su daga zaure.

"Shuka? Yanzu? Malam, ko azumin ne ya taɓa ka?"

Malam ya yi masa bayani. Alhaji ya ce, "To, in ya yi, nawa za ka samu?"

"Ni ba abin da zan samu. Manoma ne za su samu, in Allah ya yarda."

"Yaushe?"

"Wataƙila nan da shekara biyar, wataƙila goma."

Alhaji Mudi ya yi dariya har da tafa hannu. "Ni ɗan kasuwa ne, in na zuba da safe, da yamma nake son in gani. Shi ya sa gwamnati ta gaji da ku, wallahi. To amma kango ai ba cinye shi za ku yi ba. Ku shiga."

Bayan la'asar aka fara. Ƙasar ta bushe ta yi tauri, fartanya sai tsalle take yi, sai da aka aro diga. Maƙwabta suka ga malamin jami'a ya tuɓe riga yana sara da azumi a baki, suka taru kallo, daga kallo wani ya karɓi digar, wani ya kawo takin awakinsa a buhu. Malam ya ja layi da igiya, yana saka ƙwaya ɗaya-ɗaya a rami, ba bibbiyu ba, don ba shi da na asara. Ni da Inna muka kwashe duk ruwan randa, har wanda na tanada don kunu, muna bi muna tsiyayawa da moɗa. Ana kiran magariba muna rufe ramin ƙarshe, idona na ganin duhu-duhu.

Wanda aka surfa kuwa, Malam ya ce a niƙa a soya, a yi sadakar da aka yi niyya. Na soya da ɗan man da ya rage ina share hawaye da gefen zane. Ƙosan ya tashi fam-fam, har na yi mamaki. Aka kai kwano masallaci, aka bar mana kaɗan. Malam ya ɗauki ɗaya ya daɗe yana juya shi, ya ci, ya ce, "To, aƙalla yanzu mun san yana yin ƙosai." Inna ba ta ci ba. Ruwa kawai ta sha ta shige ɗaki.

Washegari aka shiga maganar ruwa. Abin da rijiyarmu ke bayarwa ba zai shayar da mu ya shayar da kango ba. Waɗanda suka ci ƙosan sadaka a masallaci kuwa sun riga sun ji labarin abin da suka ci, ana ta jajanta wa Malam. Limamin unguwarmu, wani dattijo mai ƙarancin magana, yana zaune a dakalin masallaci da azahar yana kallon jama'a na alwala, ruwan na gangarawa kwata. Sai ya ce wa ladan a nemo rabin duro. Bayan an sallame ya juyo ya ce, "Jama'a, daga yau kowa ya yi alwalarsa a kan duron nan. Ruwan da kuka gama da shi ne, ba a ce ku ƙara ko ɗigo ba. Malam Isiyaku na da baƙo a kango mai jin ƙishirwa."

Ka san masallaci da azumi, har wanda ba a gani sai Idi yana sahun gaba. Kowa ya zo da butarsa daga gida, ya tsuguna bakin duro. Sau biyar a rana ana tarawa, in ya taru mutum biyu su rataya shi a sanda su kai kango. Da labari ya shiga gidaje, mata suka ce ba za a bar su a baya ba. Kowace ta ajiye daro, ta yi alwala a kai, ta ƙara da ruwan wankin hatsi da na ɗaurayar gasara, ban da mai sabulu, don Malam ya ce sabulu zai ƙona shi. Ni ke bi gida-gida da bokiti bayan asuba da kuma gab da magariba, Nafisa a baya. Akwai wata maƙwabciyarmu da muka yi shekara ba ma gaisawa saboda rigimar kaza, ita ma na tarar ta ajiye daronta a bakin zaure, ta rufe da faifai. Na juye na mayar mata.

Kafin Juma'a ta zagayo, na fita da safe na ga ƙasa ta tsattsage, ga 'yan kawuna kore sun leƙo a layi. Ba duka suka fito ba, akwai gurabe da yawa da suka mutu a ciki. Malam ya bi layin a tsugune yana taɓa su da ɗan yatsa. Da asubar washegari na fara ganin ya ci tuwon sahur har ya side hannu.

Da ganye ya fito, sai ya zama shi kaɗai ne kore a duk Tudun Wada, kuma duk akuyar da ke unguwar ta samu labari. Zanar da muka kewaye da ita ba ta hana su ba. Nan Inna ta ɗauki aikinta, ba wanda ya sa ta. Da an yi sallar asuba sai ta ɗauki tabarma da carbi da doguwar tsumagiya, ta zauna a inuwar katanga, inuwa na matsawa tana binta. Tsohuwa mai azumi, cikin wannan rana. Na ce, "Inna, ki shigo ki huta, zan karɓe ki." Ta ce, "Ni na tashe shi daga barci, ni zan yi renonsa." Har magana take yi da shi. Wata rana na ji tana cewa, "Ku dai ku yi haƙuri ku rayu, kada ku kunyata ni." Da ƙwarin darɓa suka sauka wa ganyen, babu maganin feshi, ita ta daka ganyen darbejiya muka jiƙa, Malam ya tace ya yayyafa da tsintsiya.

Goman ƙarshe ta fi kowace wuya. Rijiyoyi da yawa suka ƙafe ƙaf, mutane suka koma alwala da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, duro ba ya ko rufe gindi. Da rana ganyen ya yi laushi ya rataye, da yamma ya ɗan farfaɗo, washegari ya fi jiya lanƙwashewa. Ni kaina na fara cewa a raina wahalar banza muke yi. Ana haka wata yamma sai ga mai kura ya turo jarkoki cike har bakin kango, ya ce Alhaji Mudi ne ya aiko. Da Malam ya je godiya, Alhaji ya ce, "Kada ka gode mini. Kullum na fito sai na leƙa ta katanga, abin ya shiga raina. In ya mutu yanzu ni ma na yi asara." Kurar nan ba ta fasa zuwa ba har aka ga wata.

Muka yi Sallah ba ɗinki, ba wanda ya damu. Bayan Sallah da 'yan kwanaki fure ya fito, fari mai ɗan shuɗi. Murna ba ta daɗe ba, don zafi ya sa ya dinga zubewa tun bai ƙulla ba. Da safe sai ka ga ƙasa ta yi fari da shi. Masallaci kuma ya koma yadda yake kafin azumi, sahu biyu da ƙyar. Malam ya daina magana a gida. Na same shi tsaye a kango ya harɗe hannu a baya, na ce, "Malam, Allah bai kawo mu nan don ya bar mu ba." Ni da na fi kowa yi masa gori, ni ce ranar nake ba shi baki.

Inna ce ta fara ganin shamuwa a kan tsamiyar bakin hanya. Kwana kaɗan bayan haka, da la'asar, iska ta tsaya cik, gabas ta haɗe ta yi baƙi. Sai guguwa ta taso ta kwashe zanar, ta yi sama da faifan mutane, sannan aka ji ɗigo a kan kwano, manya-manya, ɗai-ɗai. Ƙamshin ƙasa ya bugi hancina har sai da na ji yunwa. Aka saki ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kowa na gudu yana tara daro da bokiti a bakin indararo, ni kuwa na leƙa kango. Malam na tsaye cikin ruwa ya jiƙe sharkaf, Inna na zaune a tabarmarta ba ta motsa ba, ba mai kallon wani. Sai na ji ta ce, ba da ni ba, don ba ta san ina wurin ba, "Ka shiga ciki kada sanyi ya kama ka." A iya sanina ranar ce ta fara yi masa magana kai tsaye.

Furen da ya biyo bayan ruwan ya ƙulla. Ƙwanso ya fito zara-zara, ya cika, ya soma bushewa tun manoma na haramar shukar gero. Muka yi roro da hannu, safe da yamma, muna tsere da hadari. A ɗakin Inna aka shanya, a kan tabarmarta, ita ta koma kwana a kan buhu. Da aka sussuka aka auna, tulu ɗaya bai ɗauke shi ba, sai da na aro na biyu. Harawar kuma Malam ya ɗaure ta dami-dami ya aika wa Alhaji Mudi da liman da duk gidan da ke da akuya. Alhaji ya ce tunda yake kasuwa bai taɓa zuba jari an biya shi da harawa ba.

Cikin daminar nan Malam ya sake shuka shi a gonar cibiya, ya zama ya ci zuriya biyu a shekara ɗaya. Bayan wasu shekaru abubuwa suka ɗan sassauta, kuɗin bincike ya fara ɗigowa, wani daga gwamnati, wani daga masu taimako na waje. Aka gwada shi a ƙauyuka, aka fitar da shi ga manoma da wani suna na haruffa da lambobi wanda ko ni ban riƙe ba. 'Yan unguwarmu dai ɗan alwala suke ce masa, har tsofaffin suka ƙare. Yau manomi na cinsa a tsakiyar damina, ya sayar da saura ya sayi taki, ya sake shuka wani kafin ruwa ya ɗauke. Ina ganin manyan motoci shaƙe da buhuna suna yin kudu da shi. Malam bai yi kuɗi ba, a gidan nan ya rasu, da tsohon babur ɗinsa a zaure. Na daɗe ina jin haushin haka. Yanzu in na ga mai tuya a bakin titi yara sun kewaye ta, sai in ji kamar da ni a cikin cinikin, in yi wa Malam addu'a, in yi wa Inna, da liman, da Alhaji Mudi, da duk wanda ya tsuguna bakin duron nan.

Ranar da na dawo daga kasuwar, na jiƙa waken, na surfa, na aika niƙa. Gab da magariba sai ga Nafisa ta iso daga unguwar Hanwa. Ita ce ta gaji ubanta, a wannan cibiyar take, sai dai ita gyaɗa take bi. Na ga ta rame, na ɗauka azumi ne. Muka sha ruwa, ta ci ƙosai biyu. Sannan ta jawo jakarta ta fito da wasu 'yan ƙulle-ƙullen irin gyaɗa a ambulan, ta jera a kan tabarma a hankali.

"Mama, kuɗin aikinmu bai fito ba bana ma. An yanke mana wuta, ɗakin sanyi ya kwana biyu a kashe." Ta dube ni. "Tulun Baba yana nan?"

Yana nan. Na haɗiye fushin da ya taso mini, ganin abin da ya sami ubanta ya dawo kanta, don da na buɗe baki a lokacin, da ba a ji da daɗi ba. Na tashi na kwaso tokar murhu na tankaɗe, muka cuɗa tare, na kwaɓa laka na liƙe bakin. Sannan na sa aka kira mini duk wanda ke gidan, surukata matar ɗana, da jikoki, har mai taya ni aiki. Na tsayar da su gaban tulun, na faɗa musu abin da ke ciki, da shekarun da aka yi ana nemansa, da bakina, ba kunya ba kwana-kwana.

Da suka watse Nafisa ta ce, "Mama, sai damina zan zo in ɗauka."

Na ce, "Ki zo. Rabin duron nan na masallaci ma yana bayan ɗaki, ban yar ba."